Ma'anar "Tattala" da Yadda A Ke Aiki da Ita

Ran nan ina gwajin koyarwa a aji uku, sai na tambayi yara ma'anar "tattala". Wani yaro ya miƙe ya ce, "Malam, ai rowa ke nan." Aji duka suka yarda da shi. Shi ya sa na ga ya kamata in yi ɗan bayani, kada mu da za mu zama malamai mu bar yara cikin wannan kuskure.

"Tattala" fi'ili ne. Ma'anarsa mutum ya riƙe abu da kula, ya riƙa taɓa shi gwargwadon bukata, don ya kai shi lokacin da ya ke nufi. A kan ce, "Audu ya tattala kuɗinsa," ko "ya tattala su." Kadan ba a ambaci abin ba, sai a ce, "yana tattalawa." Sunan aikin kuwa "tattali": "yana tattalin hatsinsa." Daga nan aka sami "tattalin arziki". Ba dukiya kaɗai a ke tattalawa ba, har doki da maraya da lafiyar jiki, gama tushen kalmar kula ne.

Ga misalin da ya warware wa yaran. Manoma uku suka cika rumbu da kaka. Na fari ya yi ta sayarwa yana biki, tun bazara rumbu ya ƙone: almubazzari ke nan. Na biyu ya toshe rumbu, iyalinsa na kwana da yunwa, ƙwari na cin hatsin: marowaci ke nan. Na uku ya ware iri, ya ƙidaya bakunan gidansa, yana auna wa uwargida abin da zai ishe su kullum, har hatsin ya kai su watan Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya kan yi wuya, sabon gero bai nuna ba. Wannan shi ne ya tattala.

Haka iyayenmu suka yi da kuɗi kafin naira ta zo a 1973: anini 10 kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Wanda ya raina anini ba ya ganin fam.

Saboda haka, 'yan'uwa, kadan za ku koyar da kalmar nan, ku jera ta da rowa da almubazzaranci, ku sa kowane yaro ya kawo misali daga gidansu. Mu ma mu dubi guzurinmu tun wata bai raba ba, gama don tuwon gobe a ke wanke tukunya.