Fatsa da Ƙwaron Bogi: Yadda Ake Yaudarar Kifi da Gashin Zakara

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taso kusa da rafi ko dam ya san fatsa. Ka haƙo tana, ka soka ta a ƙugiya, ka ɗaura 'yar dalma, ka jefa, ka zauna jiran rabo. To akwai wani salon fatsa da ba a sa tana, ba a sa dalma, kuma mai yin sa ba ya zama wuri ɗaya. Abin da ke bakin ƙugiyarsa gashin tsuntsu ne da zare, an naɗa su sun yi kama da ƙwaro. Turawa na kiran wannan ƙwaron bogi "fulai", wato ƙuda. Ranar da na fara ganin bidiyonsa a aji dariya na yi, na ce wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Da na bi diddigi sai na tarar akwai kimiyya a ciki, akwai tarihi, akwai kuma sana'ar da wasu 'yan Afirka ke ci da ita.

Daga ina abin ya samo asali?

Wajen shekara ta 200 miladiyya, wani marubucin daular Rum mai suna Claudius Aelianus ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su haɗa da gashin zakara biyu, su kama kifi da shi a wani kogi. A Ingila, a 1496, aka buga wani ɗan littafin fatsa da ake jingina wa wata mata, Juliana Berners, wanda ya lissafa ƙwarin bogi 12 da watannin da ake amfani da kowanne. A 1653 Izaak Walton ya fitar da littafinsa The Compleat Angler, sannan a 1676 abokinsa Charles Cotton ya ƙara masa wani sashe a kan wannan salo.

A ƙarshen ƙarni na 19, a kogunan Test da Itchen na kudancin Ingila, Frederic Halford ya dage cewa fatsar ƙwarai ita ce da ƙwaron da ke yawo a saman ruwa. Wani lauya, G. E. M. Skues, ya ce kifi ya fi cin abinci a ƙarƙashin ruwa, don haka a kwaikwayi tsutsar ƙwaron. An shafe shekaru ana wannan muhawara, yau kuma duka biyun ake yi. Japan ma tana da nata salon, tenkara, sanda ce doguwa da zare kawai. Kifayen da aka fi nema da wannan fatsa a can su ne tirawut da salmon, masu son ruwa mai sanyi da tsabta.

Sirrin yana cikin igiya

Wannan shi ne darasi na farko, wanda in ka gane shi sauran duk mai sauƙi ne. A fatsar da muka sani, nauyin dalma ne ke jan zare idan ka jefa. Ƙwaron bogi kuwa ba shi da nauyin kirki. Gwada jefa gashin kaza ɗaya ka gani, a gaban ƙafarka zai sauka. To sai aka juya lissafin: aka mayar da nauyin cikin igiyar. Igiyar tana da kauri, an lulluɓe ta da roba, ita ake jefawa, ƙwaron kuma ya bi ta a baya kamar ɗan rakiya. Sanda tana lanƙwasa ta tara ƙarfi, da ka tsayar da ita sai ta miƙe ta mayar wa igiya ƙarfin. 'Yan injiniya sun san wannan a darasin sifirin, makiyayi kuma ya san shi a bulala.

Kayan aiki

Sanda. Da can da katako da gorar bambu ake yin ta, daga baya aka koma faiba, tun shekarun 1970 kuma girafait ya mamaye kasuwa saboda rashin nauyi. Wadda aka fi ba ɗan koyo tsawonta ƙafa 9 ne, kusan mita 2.7, kuma tana rabuwa gida huɗu don sauƙin ɗauka.

Igiya. Ana ba ta lamba bisa nauyin ƙafa 30 na farkonta. Lamba 5 tana da kusan giram 9, lamba 8 kusan giram 13 da rabi, lamba 10 kusan giram 18. Ana rubuta lambar a jikin sanda, kuma dole su dace. Ka sa igiya lamba 4 a sanda lamba 9, sandar ba za ta lanƙwasa ba, jifa ya lalace. Lamba 5 ta ƙananan kifayen rafi ce, manyan kifaye sai daga 8 zuwa 12. Akwai igiya mai yawo a saman ruwa, akwai mai nitsewa.

Faifan naɗi. Shi ke ajiye igiya a gindin sanda. Yana da birki, don idan babban kifi ya ruga ya riƙa jan igiya da wahala har ya gaji. A ƙarƙashin igiyar ana naɗa wani siririn zare mai ƙarfi na ko-ta-kwana.

Zaren gaba. Kifi zai ga igiya mai kauri, saboda haka ana ɗaura mata zaren nailan garai-garai, mai kusan ƙafa 9, wanda ke sirancewa zuwa ƙarshe. Wutsiyarsa ana auna ta da lamba da harafin X. Ga lissafin: cire lambar daga 11, abin da ya rage shi ne kaurin zaren a kashi dubu na inci. Wato 5X kaurinsa 0.006 na inci ne. Lamba na hawa, zare na sirancewa. Haka ƙugiya ma: lamba 18 'yar mitsitsiya ce, lamba 4 babba.

Sauran tarkace. Akwai wando mai haɗe da takalmi wanda ruwa ba ya ratsawa, 'yar koma ta ɗauko kifi, hantsaki na cire ƙugiya, akwatin ƙwari, hula da tabarau. Tabarau ɗin ba na gayu ba ne. Yana kashe ƙyallin ruwa ka hango kifi, kuma yana kare ido daga ƙugiyar da ke wucewa ta gefen kanka da gudu.

Ƙwarin kansu

Kashi uku ne manya. Na farko mai yawo a sama, yana kwaikwayon ƙwaron da ya faɗo ko ya fito daga ruwa. Na biyu mai nitsewa, yana kwaikwayon tsutsar ƙwaro da ke rayuwa a ƙarƙashin duwatsu. Na uku dogo ne, yana kwaikwayon ƙaramin kifi, ana jan sa da kaɗan-kaɗan kamar yana gudun tsira.

A nan ilmin halittu ke shigowa. Akwai wani ƙwaron rafi da Turawa ke kira ƙudan Mayu. Yana shafe shekara ɗaya ko biyu yana tsutsa a ƙasan ruwa, sannan ya taso, ya fasa fata, ya yi fiffike, ya rayu kamar yini guda, ya yi ƙwai ya mutu. Ranar da suka fito da yawa, kifi ba ya kallon komai sai su. Saboda haka gwani ba ya fara jifa da isowarsa. Sai ya ɗaga dutse ya duba abin da ke ƙasa, ya kalli abin da ke tashi, ya zaɓi ƙwaro mai girma da launi irin nasu. Mu ma mun san irin wannan: daren da shinge ya fito bayan ruwan farko, duba yadda kifi ke tasowa yana cafkar waɗanda suka faɗa ruwa.

Yadda ake jifa

Wannan ba ya bukatar kogi, filin ƙwallo ya isa. Ɗaura guntun ulu a maimakon ƙugiya.

Na ɗaya, shimfiɗa igiya kamar mita 8 a gabanka, miƙe, bakin sanda na ƙasa. Riƙe sandar da babban yatsa a sama.

Na biyu, ɗaga sanda a hankali kana ƙara sauri, ka tsayar da ita cak da ta ɗan wuce kunnenka. Igiya za ta tashi ta wuce baya.

Na uku, dakata. Juya ka kalli igiyar har ta kusa miƙewa a bayanka. Nan yawancin 'yan koyo ke faɗuwa. In ka ji ƙara "fyau" kamar bulala, ka yi gaggawa, kuma ƙila ƙwaronka ya tsinke. In igiya ta taɓa ƙasa, ka makara.

Na huɗu, turo sanda gaba da irin wancan saurin mai ƙaruwa, ka sake tsayar da ita cak a sama da tsayin idonka. Igiya za ta warware, ta sauka a hankali.

Masu koyarwa kan ce ka ɗauka kana tsakiyar agogo, sanda na kai-komo tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2. Ni da na gwada da sandar aro, ƙarfi na sa kamar mai faskare, igiya ta nannaɗe mini wuya, abokaina suka yi ta dariya. Da na rage ƙarfi na riƙa dakatawa, sai ga ta tana tafiya da kanta.

Ranar fita

A Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisi zai yi fatsa, kuma sai ya nemi izinin mai haƙƙin wurin. A Amurka kowace jiha ke ba da nata lasisin. Akwai watannin da ake rufe koguna don kifi ya hayayyafa. An fi fita da sassafe ko da yamma, bayan an duba yanayi da cikar kogi.

A bakin ruwa, ka tuna da maganar Bahaushe: kifi na ganinka mai jar koma. Kifin rafi yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran abinci ya zo masa. Don haka ta bayansa ake zuwa, a sanɗa, ba a bari inuwa ta faɗa kan ruwa. Ba ya son wahala, sai ya laɓe a bayan dutse, ko ƙarƙashin gaɓa, ko inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya. Ana jefa ƙwaro sama da shi, a bar ruwa ya kawo shi. In igiya ta ja ƙwaron ya yi gudun da ya saɓa wa na ruwan, kifi ya gane, shi ke nan.

A kama, a saki?

Nan ne ɗan Arewa zai riƙe baki. Mutum ya wuni a ruwa, ya kama kifi, ya mayar? Dalilinsu lissafi ne: rafi ƙarami, masu fatsa da yawa, in kowa ya tafi da abin da ya kama, baɗi babu komai. Saboda haka suna danne ƙayar ƙugiya don ta fita da sauƙi, suna jiƙa hannu kafin su taɓa kifi don kada su goge yauƙin da ke kare fatarsa, kuma ba sa daɗewa da shi a waje.

Ba na cewa masuncin da iyali ke jira ya saki abincinsa. Amma mu dubi namu. Ana su da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsako. Wasu na zuba maganin ƙwari irin gamalin a ruwa, kifi ya mutu, mutane su ci. Alhali hana su na wani lokaci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kogin Matan Fada na Argungu ba a barin kowa ya shiga yadda ya ga dama kafin biki, shi ya sa ranar biki ake fito da manyan giwan ruwa. Bikin da ya faro a 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016.

Ina ruwanmu da wannan?

Kogin Faro na arewacin Kamaru yana zuba ne a Binuwai, dab da iyakarmu. Da rani, baƙi na tasowa daga ƙasashe masu nisa su yi irin wannan fatsa a can, suna neman tsage da rana, giwan ruwa da dare. Tsage haƙoransa na yanke nailan, sai an sa guntun waya a gaban ƙugiya. Giwan ruwa na iya haura kilo 100, sai sanda mai babbar lamba. Waɗannan kifaye su ne dai na Neja da Binuwai da Kainji. Baƙin nan na bukatar jagora, matuƙin kwale-kwale, mai dafa abinci da masauki. 'Yan sashen yawon buɗe ido da na kiwon kifi, a duba wannan.

Sai Kenya. A 1905 aka kai tirawut kogunan tsaunukan ƙasar, daga baya ɗaura ƙwarin bogi ya zama sana'a. Yau maza da mata na zaune suna ɗaurawa da hannu, ana fitarwa Turai da Amurka dozin-dozin. Kayan aikin su ne ƙugiya, zare, gashin tsuntsu, almakashi da ɗan maƙale mai riƙe ƙugiya. Hannun da ya iya ɗinkin hula zanna ba zai gagara wannan ba. Sai dai mai saye yana son dozin ɗin duka su fito iri ɗaya, wannan kuwa sai da horo.

Ga mai son gwadawa

Ƙarfasa da kawara na cin ƙwari, don haka za a iya farawa da su. Amma ruwanmu ba na Ingila ba ne. Akwai tsargiya a dam-dam da yawa, tana shiga ta fata, gara ka tsaya a gaɓa. Wasu wurare akwai kada da dorina. Sandar girafait tana ɗaukar lantarki, a nisanci wayoyin wuta, a sauke ta da an ga hadari. Kada ka je kai kaɗai, kada ka shiga ruwan da ba ka san zurfinsa ba. Kafin komai, ka je ka gaida Sarkin Ruwa ko masuntan wurin ka nemi izini, don sun fi kowane littafi sanin inda kifi yake da inda rami yake.

Wanda bai da sanda ya fara da abin da ke hannu. Samo ƙugiya, jan zare da gashin wuyan zakara biyu, ka ɗaura irin wanda mutanen Makidoniya suka ɗaura shekaru kusan 1,800 da suka wuce. Ka jefa shi a kwanon ruwa ka ga ko zai tsaya a sama. In ya nitse, ƙara gashi ka sake ɗaurawa.