Bibiyar Lafiyar Matan da suka Tsira daga Sankarar Mama: Gwajin Ciwon Zuciya da Ciwon Sukari

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilan da suka sa matan da suka tsira daga sankarar mama ke buƙatar a riƙa yi musu gwajin ciwon zuciya da na sukari bayan kammala magani. Ta kawo sakamakon wasu bincike da aka gudanar a Turai da Amurka da Kanada, ta bayyana gwaje-gwajen da ake yi, sannan ta nuna yadda ma'anar wasu kalmomin Hausa ke iya kawo cikas wajen isar da wannan saƙo.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2020 an samu mata miliyan 2.3 da suka kamu da sankarar mama, 685,000 kuma suka rasu. A ƙarshen wannan shekara akwai mata miliyan 7.8 da ke raye waɗanda aka gano suna da cutar cikin shekaru biyar da suka gabata. Yawaitar masu tsira ta fito da wata matsala da a da ba a lura da ita sosai ba. Wani nazari da Patnaik da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 2011, kan mata fiye da 63,000 masu shekara 66 zuwa sama a Amurka, ya gano cewa waɗanda cututtukan zuciya da jijiyoyin jini suka yi ajalinsu sun ɗan ɗara waɗanda sankarar kanta ta kashe.

2.0 Yadda Magani ke Shafar Zuciya

Magungunan kemo na dangin antarasaikilin, irin su doksorubisin, suna raunana tsokar zuciya. Illar tana ƙaruwa gwargwadon jimillar maganin da aka ɗura wa majinyaciya, kuma takan ɓoye shekaru kafin ta bayyana. Shi kuwa tirastuzumab, wanda ake sayarwa da sunan Herceptin, an amince da shi a Amurka a shekarar 1998 domin nau'in sankarar da ake kira HER2. Shi ma yana rage ƙarfin bugun zuciya, sai dai sau da yawa zuciyar takan farfaɗo idan aka dakatar da shi.

Gashin da ake yi wa ƙirji da na'ura yana da tasa illar, musamman idan maman hagu ne, domin zuciya ta fi kusa da shi. A shekarar 2013, Darby da abokan aikinta sun wallafa nazari kan mata 2,168 da aka yi wa gashi a Suwidin da Denmak tsakanin 1958 da 2001. Sun gano cewa duk ƙarin Gy ɗaya na hasken da ya isa zuciya yana ƙara haɗarin toshewar jijiyoyinta da kashi 7.4 cikin ɗari. Haɗarin yana farawa cikin shekaru biyar na farko, ya ci gaba har fiye da shekara ashirin. Na'urorin yau sun fi kare zuciya, amma darasin yana nan: tun ana maganin ƙaba, ya kamata a riƙa duba ko kai na kumbura.

3.0 Ciwon Sukari

A lardin Ontariyo na Kanada, Lipscombe da abokan aikinta sun bibiyi mata kusan 25,000 masu shekara 55 zuwa sama da suka yi jinyar sankarar mama. Sakamakon da suka fitar a shekarar 2013 ya nuna cewa haɗarin kamuwa da ciwon sukari ya ɗara na sauran mata da kashi 7 cikin ɗari bayan shekara biyu, ya kai kashi 21 bayan shekara goma. Ga waɗanda aka yi wa kemo, haɗarin ya fi tsanani a shekaru biyun farko. Daga cikin abubuwan da ake alaƙantawa da haka akwai deksametazon, wanda ake bayarwa domin hana amai, amma yana ɗaga sukarin jini. Akwai kuma ƙiba, da rashin motsa jiki a lokacin jinya, da ɗaukewar jinin al'ada kafin lokaci. Tun asali ma, sankarar mama da ciwon sukari da ciwon zuciya sun yi tarayya a wasu musabbabai, kamar ƙiba da yawan shekaru. Ciwon sukari kuma shi kansa hanya ce zuwa ga ciwon zuciya.

4.0 Gwaje-gwajen da ake Yi

Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta fitar da matsaya kan wannan batu a shekarar 2018, Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai kuma ta fitar da cikakkiyar ƙa'ida a 2022. Ginshiƙin shawarar shi ne a auna majinyaciya kafin fara magani, da lokacin da ake yi, da bayan an gama.

Na farko shi ne awon jini. Idan ya tsaya a 140/90 ko sama da haka a awo daban-daban, hawan jini ne. Na biyu shi ne gwajin sukari kafin karin kumallo, inda 126 mg/dL ko fiye ke nuna cutar, ko gwajin HbA1c, inda iyakar take kashi 6.5 cikin ɗari. Ƙarancin jini da cutar sikila suna iya gurɓata sakamakon HbA1c, abin lura ne ƙwarai a ƙasar Hausa. Na uku shi ne gwajin kitsen jini. Na huɗu shi ne hoton zuciya na eko, wanda ke nuna yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu; masu karɓar tirastuzumab akan yi musu shi duk wata uku. Ban da eko, waɗannan gwaje-gwaje ba su buƙatar babban asibiti.

5.0 Matsalar Harshe

Ga mai nazarin Hausa, a nan aikin yake. Idan aka ce mace "ta warke", Bahaushe yakan fahimci cewa an rabu da asibiti ke nan, alhali likita yana nufin an shiga zangon bibiya. Haka nan "ciwon zuciya" a bakin jama'a yana ɗauke da ma'anar baƙin ciki da takaici. Matar da aka gargaɗa game da shi tana iya ɗauka cewa haƙuri da kwanciyar hankali kaɗai ake nema daga gare ta. Alamomin gazawar zuciya kuwa, wato haki da kumburin ƙafafu da kasala, akan jingina su ga "ragowar jinya" ko tsufa, zafin ƙirji kuma a ce gyambon ciki ne. Kunyar ambaton mama takan sa mace ta ɓoye wa sabon likita cewa an taɓa yi mata kemo ko gashi, alhali wannan bayani ne zai sa ya duba zuciyarta.

Saboda haka, fassara saƙon kalma da kalma ba za ta wadatar ba. Ana buƙatar lafazin da ke bambance "raunin tsokar zuciya" da "toshewar jijiyoyin zuciya" daga ɓacin rai, da kuma lafazi irin "an kammala magani, saura bibiya" a maimakon "an warke".

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa magungunan da ke ceto mace daga sankarar mama suna iya barin rauni a zuciya da tsarin sarrafa sukari, kuma akwai gwaje-gwajen da ke gano hakan da wuri. Ya dace kowace mace ta bar asibiti da takardar da ke ɗauke da sunan maganin da aka ba ta, da adadinsa, da gefen da aka yi wa gashi, da lokacin gwaji na gaba. Samar da ingantaccen lafazin Hausa na wannan takarda, da na shirye-shiryen rediyo da za su bayyana ta, aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe da likitoci tare.