Darasi Na 14: Inji Ba Ya Jin "Wayyo"

A da, a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, kayan aikinmu su ne fartanya da galma da turmi da dutsen niƙa. In fartanya ta sare mutum, sai ya ɗaure wurin, ya koma bakin aiki.

Yanzu zamani ya sake. Dattawanmu sun ga manyan injuna suna haƙa, suna tara ƙasa, har aka gama madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa cikin 1983. Yau kusan kowace unguwa akwai injin niƙa. Da damina ga tarakta, da kaka ga injin casa. Tifa tana jidar yashi, katafila tana gyaran hanya. Duk sun rage mana wahala. Amma fa inji ba shi da ido, ba shi da kunne. Hatsi da hannun mutum duk ɗaya ne a wurinsa.

Akwai wani magidanci da ya yi karatu a ajinmu. Yana aiki a gidan niƙa a ƙauyensu. Ran nan jajiberen kasuwa, mata da yara sun jera kwanuka, sai bel ya zame. Ya ga in ya kashe inji, tayar da shi zai ci lokaci. Sai ya kai hannu zai mayar da bel, inji yana gudu. Hannun rigarsa mai faɗi ne. Bel ya cafke riga, riga ta ja mutum. Kafin a gano inda ake kashe injin, aikin gama ya gama. Ya cika a hanya, ba a kai asibiti ba. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Allah ya jiƙansa.

Mutane suka ce tsautsayi ne. To, rai na Allah ne. Amma ku lura, abu uku suka taru a ranar: ba a kashe inji ba, bel ba shi da murfi, riga tana reto. Da an gyara ko ɗaya daga ciki, da wataƙila yana tare da mu.

Abin da ke juyawa

A bayan tarakta akwai wani sandan ƙarfe mai juyawa, wanda ke tuƙa injin casa da makamantansa. Yakan juya sau 540 a minti ɗaya, watau sau 9 a daƙiƙa guda. Kafin ka ƙifta ido ya naɗe riga. Babu mai zafin naman da zai fizge. Saboda haka mai aikin inji ya tuɓe babbar riga da rawani, ya sa 'yar shara ko taguwa mai kama jiki. Mace in ta kai niƙa ko markaɗe, ta tattara mayafinta, ta tsaya nesa da bel. Kada ta sunkuya da goyo kusa da shi. In inji ya shaƙe, kada a tura hannu. A kashe, a jira ya tsaya cik, sa'an nan a duba.

Tarakta

Tarakta tana da tsawo, ba ta da wuyar kifewa. Takan faɗi a gefen kwari, ko a bakin rami, ko in an sha kwana da gudu. In aka ɗaura sarƙa can sama da inda aka yi domin ja, aka ce za a tumɓuke kututture, sai gabanta ya ɗaga, ta faɗo da baya a kan direba cikin ƙasa da daƙiƙa 2. A ƙasar Suwidin, tun 1959 hukuma ta tilasta a sa wa kowace sabuwar tarakta ƙarfen kariya bisa kan direba. Daga nan mutuwar direbobi ta ragu ƙwarai. In taraktar da kuka yi haya tana da wannan ƙarfe, kada a cire shi, direba kuma ya ɗaura ɗamarar kujera. Kujerar nan ɗaya ce, ta mutum ɗaya. Yaron da ya ɗafe a kan murfin taya, in ya suɓuce, ƙarƙashin taya zai faɗa.

Tifa da katafila

Direban babbar mota ba ya ganin abin da ke dab da bayansa. Ga doka mai sauƙi: in ba ka ga fuskar direba ba, ko a madubi, shi ma bai gan ka ba. In za a ja da baya, mutum ɗaya ya tsaya a gefe yana ba da hannu. Kada lebura ya kwanta a inuwar mota da rana tsaka. Direba kuma ya zagaya motarsa kafin ya tayar. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin bodin tifa da aka ɗaga, ko cokalin katafila, sai an tokare da ƙarfe ko gungume mai ƙarfi. Mai ne ke riƙe da shi. In tiyo ya fashe, nan take zai rufto.

In abin ya auku

Da fari a kashe inji. Don haka kowa a wurin aiki ya san inda ake kashewa, ba mai inji kaɗai ba. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa ko toka. A garzaya asibiti. Ku sani kuma, Nijeriya tana da dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Ta ce wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da hakkin diyya, in ya rasu iyalinsa ke da shi. Ku rubuta rana da wuri da sunayen shaidu. Ga amfanin karatunku ya zo.

Jama'a, minti biyar na kashe inji ba ya hana cin tuwo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku suka taru a gidan niƙa?
2. Sau nawa sandan tarakta ke juyawa a daƙiƙa guda?
3. Yaya za ka san direba ya gan ka?

Aiki

Kowa ya rubuta da manyan baƙaƙe: A KASHE INJI KAFIN A TAƁA. Ku kai wa mai injin unguwarku, ku roƙe shi ya manna a bango.