Elcados: Makaɗan Jitar Kano da Muka Manta da Su

A hutun da ya wuce na je gida Ƙofa, na tarar Inna ta rufe ƙwaryar fura da wani baƙin faifai. Ba faifan kaba ba, faifan garmaho. Da na tambaya sai ta ce ai na marigayi Kawu ne, suna nan cikin akwatin ƙarfensa, yara ma sun farfasa wasu wajen wasan mota. Kawu ya yi direban tifa lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma an ce duk ƙarshen wata sai ya shiga Kano ya dawo da faifai. Bakwai ne suka rage. Wanda ke kan furar, tambarin EMI ne a tsakiyarsa, da suna The Elcados.

Wallahi ban taɓa jin sunan ba. Na tambayi 'yan ajinmu, har da masu cika baki cewa sun san kiɗa, babu wanda ya sani. Alhali ƙungiya ce da ta yi zamaninta a nan Kano.

Bayan an gama yaƙin basasa a 1970, samarin Najeriya sun rungumi jitar lantarki. Suna sauraron Jimi Hendrix da Santana, suna haɗa abin da suka ji da gangunan gida. A Legas aka sami BLO da Ofege, a gabas aka sami Funkees. Waɗannan su ake ambata. Arewa kuwa sai a tsallake ta, kamar ba mu da komai sai kalangu da kuntigi. To ga Elcados. Da farko da sunan Moonrakers suke kiɗa, kuma daga cikinsu akwai Steve Black mai ganga, da Frank Martins, da Rocky Mustapha. A 1973 suka fitar da faifan "This World Is Full of Injustice", wato duniyar nan cike take da zalunci. A shekarar ne kuma Paul McCartney na Beatles ya zo Legas ya ɗauki "Band on the Run" a situdiyon EMI. Kamfani guda, shekara guda. Ɗaya duniya ta haddace shi, ɗaya yana rufe fura a Ƙofa.

Yanzu ga inda darasin yake. Kunnenmu ya saba da waƙar da mutum ɗaya ya haɗa a kwamfuta, inda murya ke gaba, kiɗa yana biye kamar ɗan rakiya. In ka saurari Elcados da wannan kunnen za ka ce hayaniya ce. Ni ma haka na ce ranar farko.

Ka fara da "Ku Mi Da Hankan". Tana intanet, domin kamfanin Soundway na Ingila ya saka ta cikin tarin "Nigeria Rock Special" a 2008. Sunan ma da ƙamshin Hausa, sai dai rubutun na baƙon kunne ne. Sa abin jinka a kunne biyu, ban da lasifikar waya, don ita takan cinye sautin ƙasa gaba ɗaya. A sauraro na farko ka manta da murya, ka bi ganga kawai. Za ka ji hannun mutum ne: bugun yana numfashi, yana ɗan matsawa yana ɗan saki, yadda mai kalangu yake yi in rawa ta yi zafi. Na'ura ba ta yin haka. A na biyu ka nemi jita mai kaurin murya, wadda makaɗa ke kira bes. Ita ce ginshiƙin ɗakin, tana maimaita 'yar gajeruwar hanya ɗaya ba ta gajiya, kuma a kanta kowa yake tsaye. Wanda ya taɓa zama gaban mai garaya ya san wannan dabarar, maimaici har sai jiki ya karɓa. Sai a na uku ka saki kunnenka ga babbar jita. Wannan ƙarajin da take yi ba lalacewar faifai ba ne, da gangan ake cika wa sautin wuta har ya dusashe. ('Yan sashen lantarki, ku da kullum ake koya muku gudun wannan dusashewar, ga mutanen da suka mai da ita ado.)

Daga nan ka wuce "Chokoi & Oreje", wadda Soundway ta sake fitarwa a tarin "The World Ends" a 2010. A wurina ita ce gwanar. A nan ne za ka ji cewa mutane ne a ɗaki ɗaya suna kallon juna, wannan ya ba da hanya, wancan ya shige. Faifansu na 1979, "What Ever You Need", ya fi karkata ga kiɗan rawa na ƙarshen shekarun. Yana da daɗi, amma ni na farkon ya fi kama ni.

Me ya sa suka ɓace mana? A ganina dalilin a fili yake. Ba su yi wa sarki ko attajiri waƙa ba, balle zuriyarsa ta riƙa tunawa da su. Yawancin waƙoƙinsu da Turanci ne, kuma kiɗan gidan rawa ne, wurin da dattijo ba ya son a ce an taɓa ganinsa. Shata da Ɗan Maraya rediyo ta riƙe su, kaset ya ɗauke su, yau suna cikin wayar kowa. Su Elcados da garmaho ya mutu sai suka bi shi.

Saboda haka in kun je hutu, musamman 'yan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, inda iyayenmu da yawa suka yi aikin albashi a wancan lokacin, ku buɗe tsofaffin akwatuna. In kun sami faifai, kada ku goge shi da busasshen tsumma, ƙura za ta karce shi. Ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi, kuna bin zagayen layin, ban da jiƙa takardar tsakiya. A ajiye shi a tsaye cikin inuwa, don zafi yana lanƙwasa shi.

Na Kawu yana da tsaga a gefe guda, ɗaya gefen lafiya lau. Na saya wa Inna faifan kaba biyu kafin ta yarda ta sake shi. Yanzu garmaho mai aiki nake nema. Duk wanda ya san inda akwai, ya bar mini saƙo a ofishin ƙungiyar ɗalibai kafin mu fara jarrabawar ƙarshe.