Yadda Ake Tsawaita Rayuwar Injin Wanki da Gane Lokacin da Gyara Ya Daina Amfani

Masu ƙera injin wanki sukan yi masa lissafin aiki na kimanin shekara 10, kuma a gidan da wuta ke tsaye, ruwa ke da tsabta, yakan kai haka har ya zarce. Amma a garuruwanmu sau da yawa injin da aka kawo cikin kayan ɗakin amarya, kafin a yaye ɗan fari ya riga ya zama wurin jibge kayan dauɗa. Da an tambaya sai a ce kayan zamani ba su da ƙarko. Akwai ƙanshin gaskiya a wannan zance, sai dai bai ɗauke duka laifin ba. Abubuwa uku ne suka fi kashe injin wanki a wajenmu: wutar da ake ba shi, ruwan da yake sha, da lodin da ake ɗora masa. Wanda bai gano wanne ne ya kashe nasa ba, ko ya gyara ko ya sayi sabo, kuɗinsa kawai yake zubarwa, domin abin da ya ci na farko yana nan yana jiran na biyu. Don haka aikin yana farawa ne tun ranar da aka sauke injin daga mota.

Abu na farko shi ne mazauni. A aje injin a kan daɓen siminti ko tayil mai ƙarfi, a daidaita ƙafafunsa huɗu har sai an tura shi da hannu an ji bai yi girgiɗi ba. Injin da ya karkata yana dukan jikinsa duk lokacin da yake matse kaya, wannan dukan kuwa shi ke cinye boris da shoka a hankali. Idan mai ƙofa a gaba ne, a duba bayansa: akwai manyan ƙusoshi uku ko huɗu da kamfani ke ɗaure gangar da su saboda tafiya. Tilas a kwance su kafin wankin farko, a kuma adana su don ranar ƙaura. A nisanta shi daga rana da ruwan sama, domin rana tana busar da roba ta tsage, a kuma toshe ramukan ɓera da ke kusa, tun da wayoyin ƙarƙashin injin abincinsa ne.

Na biyu shi ne wuta, kuma a nan ya kamata a fi kashe kuɗi. Injinan da ake sayarwa a Najeriya da Nijar an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Idan wutar ta yi ƙasa sosai, irin wadda ƙwan ɗaki ke yin ja-ja, motar injin tana wahala wajen juyawa, ta ɗau zafi, koyil ɗinta ya ƙone. Idan kuma aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, bugun farko yakan faɗa ne kan allon da ke sarrafa injin mai aiki da kansa, wanda masu gyara ke kira bod, kuma yana cikin sassa mafi tsada. Maganin abu biyu ne: sitabilaiza wadda ƙarfinta ya zarce abin da aka rubuta a takardar bayan injin da rata mai kyau, da kuma na'urar kariya mai jinkirta wuta na 'yan mintoci bayan an kawo ta. Injin mai rami biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa, 'yan ɗaruruwan wat yake ja, amma mai dafa ruwa da kansa yakan ja wat 2000 ko fiye, don haka ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba, kuma gwada hakan cutar da su ne duka biyun. A ba injin soket nasa shi kaɗai a bango, mai wayar ƙasa da ke aiki, kada a jona shi da doguwar waya mai bakuna da yawa. Da an gama wanki a zare fulogi. Wani zai ce ai kamfani ya ba da garanti na shekara 10, me ya kawo wannan ɗawainiya? A karanta takardar da kyau. Wannan dogon garanti galibi na motar ne kaɗai, sauran jikin injin garantinsa gajere ne, kuma ɓarnar da hawa da saukar wuta ta jawo ba kasafai ake karɓarta ba.

Na uku ruwa. Gidaje da yawa burtsatse ko rijiya suke sha, ruwan kuma yakan zo da yashi, a wasu wuraren har da sinadarin farar ƙasa. Alamar wannan ita ce farin abin nan da ke daskarewa a gindin butar dafa ruwa. Duk gidan da ake ganinsa a buta, yana taruwa a kan hitar injin da cikin bututunsa. Yashi kuwa yana toshe 'yar rariyar da ke bakin shigar ruwa, ya hana bawul rufewa da kyau. A sa matatar ruwa a kan bututun kafin ya iso injin, a riƙa wanke tanki, kuma duk bayan wata biyu ko uku a rufe famfo, a kwance tiyon baya, a zaro rariyar a wanke ta da tsohon burushin haƙori. Akwai kuma batun ƙarfin ruwa da mutane ba su cika lura da shi ba. Yawancin injinan da ke jan ruwa da kansu suna buƙatar matsin da bai gaza rabin ma'aunin bar guda ba, wato kimanin tazarar mita 5 daga saman ruwan tanki zuwa bakin injin. Idan tankin gida a kan gajeren gini yake, injin zai daɗe yana cika, ko ya tsaya ya nuna alamar matsala, a ɗauka ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Ƙaramin famfon ƙara matsi yana warware wannan. Gidan da kuma ruwan 'yan garuwa yake saye, mai rami biyu ya fi dacewa da shi, tun da da bokiti ma ana cika shi.

Sai lodi, wanda shi ne ya rage a hannun masu gida kacokan. Kilo 7 ko 8 da aka rubuta a jikin injin nauyin busassun kaya ne na auduga, kuma shi ne iyaka, ba abin da za a riƙa kaiwa kullum ba. A bar sarari kamar faɗin tafin hannu tsakanin kaya da saman ganga. Babban bargo, darduma mai kauri da labule mai nauyi, idan sun sha ruwa nauyinsu yana ninkuwa, su taru gefe guda, gangar ta riƙa bugun bango. A mai rami biyu a jera kaya daidai a ramin matsewa, a danna su, a ɗora marfin robar nan na ciki, kada kuma matsewar ta wuce minti 5. A lalube aljihu kafin a zuba kaya: tsabar kuɗi, allurar ɗaura mayafi, ƙusa da tsinken sakace su ne ke tsayar da famfon fitar da ruwa. Kayan da suka sha yashi ko ƙurar hunturu a kakkaɓe su tukuna. Garin sabulu kuma a auna shi. Yawan kumfa ba ya ƙara tsabta. Yana hana kaya gogar juna, ya daskare a bayan ganga, injin ya riƙa wari. Mai ƙofa a gaba sabulu mai ƙarancin kumfa yake so.

Sau ɗaya a wata a kunna injin babu kaya a ciki, da ruwa mai zafin digiri 60 idan yana da hita, tare da maganin wanke ganga ko hodar tsami ta sitirik. Kada a taɓa haɗa tsami ko binega da bilic, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. A buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasa ta gaba, a tara faranti, a kwance matatar famfo a kwashe abin da ya taru. A goge cikin robar ƙofa, a bar ƙofar a ɗan buɗe bayan kowane wanki, amma inda akwai ƙananan yara a kulle ɗakin. Tiyon ruwa a sauya shi duk bayan kimanin shekara 5.

To, duk da wannan kulawa wata rana injin zai tsaya. Kafin a kira kowa a zare fulogi, a duba abubuwa masu sauƙi: fis, soket, famfo, rariya, lanƙwasar tiyo. Bayan haka a lura da alamar da ya nuna, domin ita za ta hana a yi wa mutum cinikin biri a sama. Idan mota tana gunji amma ba ta juyawa sai an taimaka mata da hannu, galibi kafasita ce. Idan ana jin motar tana gudu amma ganga na tsaye, bel ne ya saki ko ya tsinke. Idan ruwa ya ƙi fita, famfo ne ko toshewa. Duk waɗannan, da taima, da bawul, da makullin ƙofa, da gawayin mota, ƙananan gyare-gyare ne da ba su isa a yar da inji saboda su ba ko da ya tsufa. Manyan su ne ƙara irin ta jirgin sama lokacin matsewa tare da tsatsa a bayan ganga, wadda ke nuna boris ya tafi, ƙonewar bod, tsagewar baho, da ƙonewar mota. Idan kuma jikin injin yana jan mutum, a daina amfani da shi nan take har sai ma'aikacin wuta ya duba. Buɗe cikinsa aikin mai gyara ne, domin kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi.

Ƙa'idar da aka saba ji ita ce: idan kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabo, injin kuma ya wuce rabin rayuwarsa, a sauya. Mafari ne mai kyau, amma an gina ta ne a ƙasashen da ladan mai gyara ke da tsada ƙwarai. A Najeriya, tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kayan lantarki na shigowa suka yi tashin gwauron zabo, ladan aikin hannu kuwa bai bi su da irin wannan gudu ba. Ma'aunin ya karkata wajen gyara. Abin da ya kamata a ƙara a kansa tambayoyi uku ne. Ana samun sashen na asali a kasuwa, kamar Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas? Sauran jikin injin lafiya yake, ko wannan ne gyara na uku cikin shekara guda? An gano abin da ya jawo ɓarnar? Tambaya ta ƙarshe ta fi nauyi. A mai rami biyu, alal misali, motar matsewa takan ƙone ne saboda robar da ke samanta ta lalace, ruwa na ɗiga mata. Wanda ya sauya motar ya bar robar zai sake biya. Batun samun sassa kuwa ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa Tarayyar Turai tun daga watan Maris na 2021 ta wajabta wa kamfanoni su ci gaba da samar da muhimman sassan injin wanki har shekara 10. Mu da ba mu da tabbacin irin wannan kariya, sai mu tambayi masu gyara tun kafin saye wane samfuri ne kayansa ke samuwa. A tambaya kuma ko bahon injin ana iya buɗe shi, domin da yawa daga na zamani an liƙe bahonsu, boris ya lalace sai an sauya bahon gaba ɗaya.

Masu goyon bayan sauyawa suna da hujja biyu. Ta farko, sabon inji ya fi tattalin wuta, ga shi kuɗin wuta ya tashi, har na masu amfani da wuta 'yan rukunin A a Najeriya ya kai naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024. Gaskiya ne, amma mafi yawan wutar da injin wanki ke ci a dafa ruwa take tafiya, mu kuwa galibi da ruwan sanyi muke wanki, saboda haka rarar ba za ta biya kuɗin sabo da wuri ba. Ta biyu, wasu masu gyara suna sa kayan jabu ko su ƙirƙiro matsala. Wannan ma yana faruwa, kuma maganinsa shi ne a nemi a nuna sashen da ya lalace, a karɓi tsohon da aka cire, a yi ciniki kafin a fara aiki, a nemi alƙawarin 'yan watanni, idan kuɗin ya yi yawa a ji ta bakin wani. Mai niyyar sayen na gwanjo kuma ya karanta takardar baya: na Amurka bolt 120 yake ci, na Japan bolt 100, ba za su zauna da wutarmu kai tsaye ba.

Hukuncin dai a taƙaice yake. Ƙaramin sashe, a gyara ko injin ya shekara nawa. Boris, bod ko mota a injin da bai kai shekara 6 ba, a gyara idan ana samun na asali. Irin wannan babbar ɓarna a injin da ya haura shekara 8, ko wanda tsatsa ta cinye ƙasansa, ko wanda sassansa suka ɓace a kasuwa, a sayar wa masu gyara su amfana da sauran, a sayi wani. Kafin sabon ya shigo gida kuwa, mai karatu, a fara sayen sitabilaiza da matatar ruwa.