Darasi: Yadda Ake Auna Shirin Ɗaukar Ciki

'Yan'uwa, a ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara kowa ya san kwanika, wato mace ta sami ciki tun ba ta yaye na goye ba. Yaron yakan rame, uwar kuwa ƙarfinta ya ragu. To, mata nawa ne ciki ke zo musu ba da shiri ba? Bari mu duba yadda masana ke auna wannan.

1. Tambayar ma'aikatan ƙidaya

A shekarar 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta tambayi mata fiye da 41,000 masu shekara 15 zuwa 49 a dukan Nijeriya. A kan kowane ɗa da aka haifa cikin shekara biyar da suka wuce, aka ce wa uwar: sa'ad da kika sami cikin, kina sonsa a lokacin, ko kin so ki dakata, ko ba ki son ƙarin haihuwa? Wajen haihuwa 90 cikin 100 aka amsa cewa ana so a lokacin.

2. Inda tambayar ta kasa

A ce baƙuwa ta shiga wani gida a Dandamisa ta yi wannan tambaya, ga jaririn a bayan uwarsa. Da wuya uwar ta ce ba ta so shi ba, gama ɗa kyautar Allah ne, ga kuma kunya. Saboda haka lissafin yakan ɓoye waɗansu. Domin gyara wannan, a 2004 Geraldine Barrett da abokan aikinta a Landan suka fito da ma'auni mai tambaya shida: ko matar tana amfani da hanyar tazarar haihuwa, ko lokacin ya yi mata daidai, ko ta yi niyya, ko tana marmarin ɗa, ko sun yi shawara da mijinta, ko ta gyara lafiyarta tun da wuri. Ana ba da maki daga 0 zuwa 12. Daga 0 zuwa 3 babu shiri, 4 zuwa 9 zuciya biyu, 10 zuwa 12 da shiri.

3. Bambanci tsakanin mutane

Binciken 2018 ya nuna, bisa matsakaicin lissafi, macen ƙauye tana haihuwa 5.9, ta birni 4.5. Wadda ba ta shiga makaranta ba 6.7, wadda ta wuce sakandare 3.4. A Arewa maso Yamma 6.6, a Jihar Legas 3.4. Duk da haka matan kudu sun fi namu cewa ciki ya zo musu ba da shiri ba. Dalili kuwa, mai son 'ya'ya da yawa ba ta cika ganin ciki ya yi sauri ba, ko da jikinta bai huta ba.

4. Abin da ya shafe mu

A 2005 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawara a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. Kakanninmu ma sukan shayar da yaro kusan shekara biyu kafin yaye. Mu lura da tambaya ta biyar, ta shawara da miji. Ya ku magidanta, kada mu bar wa matanmu wannan kaya su kaɗai. Mu zauna mu yi shawara, mu kuma nemi bayani a asibiti.

Tambayoyi

1. Don me tambaya ɗaya ba ta isa ba?
2. Wace tambaya cikin shidan ta fi wuyar amsawa a gidajenmu?