Amsoshin Tambayoyinku: Surukina Zai Kai Ni Yawon Jirgin Ruwa a Norwe, In Shiga?

TAMBAYA: Ni malamar asibiti ce da ta yi ritaya, ina zaune a Kazaure, asalina kuwa Roni. Yarinyar wajena tana aure a birnin Bergen na ƙasar Norwe, inda maigidanta yake karatu. Haihuwa ta matso, babu halin ta zo gida wanka, don haka ni zan bi ta can a watan Yuli in Allah Ya yarda. To maigidan nata ya ce kafin in dawo sai ya kai ni yawon wuni guda a jirgin ruwa, ta cikin wani ruwa da ya ratsa duwatsu, wai shi fiyod. Na ce masa to, don ba a ja-in-ja da suruki, amma gabana faɗuwa yake yi. Tun abin da ya faru a Bagwai, ko kwale-kwalen masunta na dam ɗinmu na Kazaure ba na son kallo. Mene ne wannan fiyod ɗin? Akwai haɗari? Yaya zan yi da salla da abinci? Daga wata Hajiya, Kazaure.

AMSA: Hajiya, Allah Ya sauke ta lafiya, Ya ba ki ladan ɗawainiya. Shawarata ita ce ki shiga. Abin da zai ba ki wahala a wannan tafiya ba ruwan ba ne, sanyi ne da agogo, kuma duka biyun ana iya yi musu shiri tun daga gida.

Fiyod ba kogi ba ne, ba kuma tafki ba. Teku ne da kansa ya kutso cikin ƙasa ta wani dogon kwari mai zurfi, tsaunuka sun tsare shi dama da hagu. Wadda ta haƙa kwarin kuwa ƙanƙara ce. A zamanin da sanyi ya mamaye arewacin Turai, ƙanƙara ta lulluɓe ƙasar baki ɗaya, kaurinta a wasu wurare ya kai kilomita 2. Ƙanƙara mai wannan nauyi ba ta zama wuri ɗaya. Gangarawa take yi a hankali zuwa teku, tana jan tsakuwa da manyan duwatsu a ƙarƙashinta, su kuma suna kankare duk abin da suka bi ta kai. Ta narke, ta dawo, ta sake narkewa, ba sau ɗaya ba. Da ta yi tafiyar ƙarshe, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sai ruwan teku ya biyo ramin ya cika shi. Mafi girma a Norwe shi ne na Sogne, arewa da Bergen. Tsawonsa kilomita 205, ya fi tafiyar Kazaure zuwa Kano da dawowa, zurfinsa kuma a wani wurin ya kai mita 1,300.

Na san wannan lissafi ba zai kwantar miki da hankali ba. Amma Hajiya, ga wanda bai iya iyo ba, gaba biyu da gaba dubu duk ɗaya ne. Abin dubawa shi ne jirgin da masu jirgin.

Abin da ya faru a dam ɗin Watari ranar 30 ga Nuwamba 2021 ya isa ya sa kowace uwa ta tsani bakin ruwa. Jirgi ya taso daga Badau zuwa Bagwai, yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne za su Mauludi, ya kife, aka rasa aƙalla mutum 29. Allah Ya ji ƙansu. Sai dai in kin bi diddigin wannan haɗari da 'yan'uwansa da muke ji duk damina, daga Kebbi zuwa Neja zuwa nan Jigawa, dalilan ba sa sauyawa: lodi fiye da kima, tsohon jirgin katako, tafiya bayan rana ta yi sanyi ko cikin duhu, ga shi babu rigar kariya ko ɗaya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar, amma a mashigin ƙauye wa zai tsaya ya ƙirga kawuna? Wannan ne yake ba ni takaici. Allah Ya ba mu ruwa da duwatsu a Kazaure, ga Tiga, ga Tomas, ga fadamar Baturiya da tsuntsayenta, wuraren da iyali za su iya wuni a ciki su dawo da labari. Rashin tsari ya mayar da hawan jirgi abin da ake yi da addu'ar neman tsari kawai.

Jirgin da za ki shiga can wani abu ne daban. Cikin waɗanda suka fi bin hanyar da nake zaton surukinki yake nufi akwai wanda ake kira Future of the Fjords, ya fara aiki a 2018, da lantarki yake tafiya, yana ɗaukar mutum 400. Kowa da tikitinsa, in adadi ya cika an rufe ƙofa ko da ɗan sarki ne a waje. Ciki ɗaki ne mai ɗumi, da kujeru da manyan tagogin gilashi da bayan gida da wurin sayar da shayi. A waje kuma an yi masa hanya mai hawa a hankali maimakon matakala, har mai keken guragu yana kaiwa sama. Ba za a ce ki sa rigar kariya ba, suna ajiye a ma'adanarsu, kuma da an tashi za a sanar da inda suke. Ki sa surukinki ya nuna miki wurin da yatsa, hankalinki zai fi kwanciya. Maganar juwa da amai kuwa da wuya, domin wurin yana can ciki nesa da bakin teku, tsaunuka sun tare igiyar ruwa. Yawancin ranaku shayin da ke gabanki ma ba zai zube ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙasar tana da nata haɗarin, kuma daga sama yake zuwa. A 1934 wani ɓangaren tsauni ya ɓalle ya faɗa fiyod ɗin Tafjord cikin dare, ruwa ya yi tsalle ya share gidaje, mutum 40 suka mutu. Wurin yana can arewa, ba kan hanyarku ba. Yau tsaunukan da aka san suna motsi, irin su Aknes, an kafa musu na'urori masu auna su dare da rana, da jiniyar gargaɗi a garuruwan da ke ƙasa. Abin da ya fi kusa da ke shi ne santsi, in an yi yayyafi kuma kika fita waje da silifas.

Ga yadda wunin yake tafiya a hanyar da aka fi sani. Ku tashi Bergen da safe a jirgin ƙasa zuwa Voss, awa ɗaya da 'yan mintoci. Daga nan bas ta kai ku Gudvangen, wani ɗan ƙauye a ƙarshen fiyod ɗin Neroy, wanda reshe ne na Sogne. Nan za ku hau ruwa, tafiyar kamar awa 2.

Wannan awa biyun su ne tafiyar, sauran duk rakiya ce. Neroy tsawonsa kimanin kilomita 17 ne, amma a wani wurin faɗinsa bai wuce mita 250 ba, alhali tsaunukan gefensa sun haura mita 1,000. Sai kin ɗaga kai har mayafi ya zame kafin ki ga ƙarshensu. Ruwan kore ne mai duhu, ruwan ƙanƙarar da ke narkewa a sama kuma yana zubowa ta jikin dutse fari fat, wani siriri, wani da ruri. Da yake injin lantarki ba ya ƙara, za ki ji zubar tasa tun daga nesa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2005, tare da na Geiranger. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ba duwatsun ba ne, mutanen ne. Za ki hango gida ɗaya ko biyu a manne da tsauni, da ɗan fili kore a gabansu, babu hanyar mota, sai jirgi sai ƙafa. Akwai wata gona a can sama da ake kira Stigen, ana ba da labarin cewa da tsani ake hawa wani sashe na hanyarta, in mutanen gidan suka hango mai karɓar haraji sai su janye tsanin. Bayan jirgi ya karya kwana ya shiga reshen Aurland za ku wuce Undredal, ƙauyen da awakinsa sun fi mutanensa yawa nesa ba kusa ba, kuma da cukun nonon akuya aka san shi. Cukun ruwan ƙasa ne, zaƙi-zaƙi gare shi. Ki ɗanɗana, ko da ba zai burge 'yar Roni da ta san kindirmo ba.

Za ku sauka a Flam, wanda su suke furtawa Flom. Daga nan jirgin ƙasa zai hau da ku zuwa tashar Myrdal, kilomita 20 kacal, amma hawan ya haura mita 860, shi ya sa yake cin kusan awa guda. Ramuka 20 ya ratsa a cikin dutse, 18 daga ciki da hannu aka haƙa su, aka fara amfani da layin a 1940. Yana tsayawa 'yan mintoci a magangarar ruwa ta Kjosfossen don a sauka a yi hoto. In kika ji kiɗa ya tashi, kika ga wata mace da jar riga ta ɓullo daga bayan dutse tana rawa, ta ɓace ta sake ɓullowa a wani gefen, kada ki fara karanto Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. 'Yan rawa ne aka ɗauka aiki, suna kwaikwayon wata aljanar tatsuniyarsu. Daga Myrdal sai wani jirgin ya mayar da ku Bergen, awa 2. Duka-duka wunin yana cin awa 10 zuwa 12.

A nan agogo yake shigowa. Wannan tsari tikitoci ne na motocin haya aka haɗa wuri ɗaya, babu ɗan rakiya, kuma babu wanda zai jira ki don kin shiga alwala. Jirgin da aka ce ƙarfe 12 zai tashi, 12 ɗin zai tashi. Akwai kamfanonin da suke ɗaukar mutane a bas ɗaya daga Bergen da mai yi musu bayani da Turanci, shi yake ƙirga ku a kowane zango, wasunsu har sukan kai mutane Stegastein, wani dandamali da aka miƙo daga jikin tsauni mita 650 sama da ruwa, ƙarshensa gilashi. Ya fi tsada, amma ga dattijuwa ya fi sauƙi. Stegastein ɗin dai, in kina tsoron tsayi, ki tsaya daga baya.

Sai sanyi. Yuli ne tsakiyar lokacin zafinsu, amma zafin bai cika wuce digiri 20 ba, a kan ruwa kuma iska tana ratsa ƙashi. Bergen ta yi suna da ruwan sama, ana yin sa fiye da kwana 200 a shekara. Ki ɗauki kayan hunturunki: suwaita a ƙarƙashin abaya, safa mai kauri, takalmi rufaffe mai ƙasan roba, da rigar ruwa a sama. Hijabi mai shiga kai ya fi mayafi, don iska ba ta da kunya. Lema ba ta da amfani a saman jirgi.

Salla ta fi yadda kike zato sauƙi. A farkon Yuli azahar tana shiga wajen biyu saura, rana kuma ba ta faɗuwa sai kusan 11 na dare. Kina iya yin azahar a Flam, akwai ciyawa da wuraren zama a bakin ruwa, ki shimfiɗa darduma babu mai ce miki kanzil. La'asar ko kun dawo gida da sauran rana. Tafiyar ta wuce kilomita 80 da malaman Malikiyya suke ƙiyasta wa kasaru, don haka ki tambayi malaminku hukuncin kasaru da haɗawa kafin ki tashi. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, ba gabas ba kamar yadda kika saba. Isha'i da asuba ne masu rikici, domin jan sama ba ya gushewa a wannan watan, sai ki bi jadawalin masallacin da 'yarki take bi. Bayan gida a can takarda ce kawai, babu buta, ki sa ƙaramar gora a jaka.

Abinci kuwa, kifi da burodi da dankali ba matsala. Ki guji tsiran nan nasu da ake sakawa cikin burodi, yawancinsa da naman alade. Mafi alheri ku yi guzuri daga gida, su kansu 'yan ƙasar al'adarsu ce, ba wanda zai kalle ku. Ruwan famfonsu ana sha. Komai yana da tsada, kuma da kati ake biya kusan ko'ina, don haka ki bar wa surukinki wannan fannin, kada ki tambaye shi nawa ya kama a naira. Tun da zancen guzuri ya zo: cikin kayan jegon da za ki haɗa, ki cire kilishi da dambun nama da man shanu. Dokarsu ta hana shigo da nama da kayan nono daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a karɓe.

In kin ga gwiwa ba za ta ɗauki awa 12 ba, ko mai jego ba za ta iya wuni ita kaɗai ba, akwai gajeren yawo da yake tashi daga tashar Bergen kusa da kasuwar kifi zuwa Mostraumen, awa 3 da ɗoriya ku je ku dawo. Yana da kyau, amma bai kai Neroy ba. In da hali ki zaɓi dogon, ki bari sai an yi suna jiki ya warware, sannan ki ce wa surukinki ya sayi tikiti da wuri, domin a Yuli kujerun jirgin Flam ƙarewa suke yi. Allah Ya kai ki lafiya, Ya raya abin da za a samu.